Kuki a Kan Na'urar Aro

A cikin darussan da nake koyarwa a kwas ɗin rubuta manhajar intanet, babu wanda ɗalibai ke rainawa kamar darasin kuki. Suna da hujjarsu. Umarnin da ke sa a ajiye kuki a burauzar mai ziyara layi ɗaya ne, wanda ke karanto shi ma layi ɗaya ne, kuma ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari kan haddace su cikin rubu'in sa'a. Abin da ke cin makonni shi ne tambayoyin da layukan nan biyu ba sa amsawa: me za a rubuta a cikin kukin, kwana nawa zai yi, wane ne kuma zai riƙe na'urar gobe. Littattafan da muke karantarwa da su, galibinsu rubutun Amurka da Turai, sun gamsar a kan ta farko da ta biyu. Ta uku ce ba su cika tsayawa a kanta ba, domin a ƙasan ransu mutum ɗaya ne da na'urarsa ɗaya. A Kokomlemle inda nake zaune, da Nima da Maamobi inda na tashi, lissafin ba haka yake ba.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe, domin wanda bai taɓa zama a irin wannan aji ba. Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi tana miƙa shi ga masu nema, tana magana da burauza da wata ƙa'ida mai suna HTTP, kuma wannan ƙa'ida ba ta da tunawa. Kowace buƙata tana isowa kamar daga baƙon da ba a taɓa gani ba. Ka rubuta sunanka da kalmar sirri, a tabbatar da kai, ka danna shafi na gaba, an manta da kai. Wani matashin injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya kawo maganin wannan mantuwa a 1994: uwar garke ta haɗa amsarta da ɗan guntun rubutu a kan saƙo mai suna Set-Cookie, burauza ta adana shi, ta riƙa mayar da shi a kan saƙo mai suna Cookie duk lokacin da ta koma wannan gida. Takardar da ake bi yanzu, RFC 6265, Adam Barth ne ya rubuta ta a 2011. Ɗan yankin manhajar da ke tsaye a ƙofar uwar garke, ya karɓi buƙata ɗaya, ya duba kukin da ta zo da shi, ya yanke abin da za a mayar, shi nake kira mai karɓar buƙata, kuma aikinsa ne batunmu.

Duk wanda ya tashi a zango ya san mai susu, kalmar da kunnen Bahaushe ke ji kamar ƙanwar asusu. Yakan zaga rumfunan kasuwar Nima kullum, mai sayar da gero ko mai shinkafa da wake ta ba shi abin da ta ɗaukar wa kanta, sidi goma ko ashirin, ya sa alama a katin da ke hannunta, ya kuma rubuta a littafin da ke hannunsa. Ƙarshen wata ya mayar mata da tarinta, ya riƙe na kwana ɗaya ladan aikinsa. Abubuwa uku ke tsare wannan amana: kati, littafi, da ido. Idan yaro ya tsinci katin Hajiya ya zo karɓar kuɗi, mai susu zai dube shi ya ce, "Ina ita Hajiyar?" To kuki shi ne kati, rumbun bayanan da ke kan uwar garke shi ne littafi. Ido ne babu. Uwar garke makauniya ce; duk wanda ya miƙo kati mai lambar da ke cikin littafi, a wurinta shi ne mai kuɗi. Kusan duk abin da mai karɓar buƙata ke yi da kuki ƙoƙari ne na cike gurbin wannan ido.

Abu na farko da ke biyo baya shi ne kada a rubuta a kati abin da ya kamata ya zauna a littafi. Kowace shekara sai na sami aikin ɗalibin da, bayan mai ziyara ya shiga, yake ajiye masa kuki mai cewa matsayi=dalibi, sannan ya dogara da shi a buƙatun gaba. Ba na dogon jawabi. Nakan buɗe kayan aikin da ke cikin burauza a gaban aji, in goge dalibi in rubuta shugaba, in sabunta shafin, sai ga makin kowa a fili. Kuki yana zaune ne a na'urar wani, kuma mai na'urar yana iya karanta shi, ya canza shi, ya ƙirƙiri wanda ba a taɓa ba shi ba. Abin da ke komowa uwar garke suna ne da ƙima kawai. Sharuɗɗan da aka ɗora masa lokacin bayarwa, irin su ranar ƙarewa, ba sa dawowa. Don haka ƙimar da ta dace ita ce doguwar lamba marar ma'ana, wadda aka ciro daga injin ƙuri'a na tsaro da ke cikin harshen manhajar, ba daga agogo ko lambar rajistar ɗalibi ba. Ƙungiyar OWASP, mai tattara shawarwarin tsaron manhaja, ta ce kada rashin tabbas ɗin da ke cikin lambar ya gaza bit 64. Ni nakan ce a ɗauki 128 a huta. Sauran bayani duka, wane ne, me aka yarda ya gani, yaushe ya shigo, yana cikin littafi a gaban wannan lamba.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta shahara domin tana rage wa uwar garke nauyi: a zuba bayanan duka cikin kukin, a buga masa hatimi da mabuɗin sirri, yadda in an canza harafi ɗaya hatimin ba zai dace ba. Flask, cikin tsare-tsaren Python, haka yake yi in ba a ce masa komai ba. Hanyar tana da wurinta, amma abu biyu kan shige wa ɗalibai. Hatimi yana hana canji, ba ya hana karatu. Na biyu ya fi nauyi a wurinmu: katin da ba shi da littafi ba ya sokuwa. Muddin hatimi na nan kuma wa'adi bai cika ba, kwafinsa yana aiki a hannun kowa, ko da mai shi ya danna fita sau goma. Dalilin da ya sa wannan ya dame ni yana cikin yadda mutanenmu ke shiga intanet.

Ghana ta sami cikakkiyar hanyar intanet a 1995, ta hannun kamfanin Nii Quaynor, amma yawancinmu a zango mun fara taɓa ta ne a gidan intanet, inda ake biyan kuɗin rabin sa'a ko sa'a guda. Ina ɗalibi lokacin da BusyInternet ta buɗe a kan Ring Road a 2001, tafiyar ƙafa daga Kokomlemle, da kwamfutoci kusan ɗari, kuma cikin 'yan shekaru ƙananan irinta suka cika lungunanmu. Jenna Burrell ta fitar da littafi sukutum a 2012 a kan matasan waɗannan gidaje na Accra. Wayar hannu ta rage musu kasuwa, amma ba ta kashe su ba. Ranar da sakamakon BECE ko WASSCE ya fito, ko aka saki sunayen makarantun sakandaren da kwamfuta ta tura yara, ko lokacin cike takardun jami'a da na neman aiki, za ka ga layi har waje, domin ana buƙatar babban allo, da na'urar buga takarda, da wanda ya iya. Wayar ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Uwa ce ke da ita, ɗa ke sarrafa ta, ƙanwa ke aron ta da dare don aikin makaranta. In ta lalace a kai ta Tip Toe Lane a Circle, ta kwana biyu a hannun mai gyara tare da lambar buɗe ta. In aljihu ya bushe a sayar da ita, sau da yawa ba a share ta ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannaye kukin yana nan zaune, yana shaida wa uwar garke cewa wane ne ya dawo.

Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, mai shekara goma sha tara, ta je wani gidan intanet ta cike takardar neman shiga wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta. Ta gama, ta buga takardarta, ta rufe shafin, ta biya, ta tafi. Bayan kwana uku wani ya fara kiran wayarta da dare. Ya san cikakken sunanta, ya san gidansu, ya san sunan mahaifinta, har launin mayafin da ke hoton da ta ɗora ya faɗa mata. Mahaifinta ya ɗauka ita ta ba shi, kuma mai karatu ya san abin da irin wannan zato ke jawo wa budurwa a zango. Saura ƙiris a hana ta karatun gaba ɗaya. Mahaifiyarta ce ta zo wurina ta ce, "Malam, ka duba mana, yarinyar nan ta rantse." Na je gidan intanet ɗin tare da yayanta, na nemi kwamfutar da ta zauna a kai, na rubuta adireshin makarantar. Ban sa suna ba, ban sa kalmar sirri ba, shafin ya buɗe da hotonta yana yi mata maraba. Kwana tara ke nan da tashinta daga kujerar. Na duba kukin, an ba shi wa'adin kwana talatin, maɓallin fita kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan zane da ba kowa zai gane ba. Babu wanda ya fasa komai. Sai da mahaifin ya zo da kansa ya gani a allo sannan ya sauko.

Wanda ya rubuta wannan shafi ba mugu ba ne; mai yiwuwa kwana talatin ɗin ma kwafo su ya yi daga wani misali, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tsare-tsaren da muke gini a kansu suna zuwa da nasu wa'adin. Django, wanda aka haifa a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, yana ba kukin zama mako biyu, daƙiƙa 1,209,600, in ba a taɓa saitinsa ba. Ga mai kwamfutarsa a ɗakinsa wannan jin daɗi ne. Kujerar gidan intanet kuwa ba a san adadin waɗanda za su zauna a kanta cikin mako biyu ba. Ɗalibai kan ce to a bar kukin ba wa'adi, tunda irin wannan yana mutuwa da an rufe burauza, kuma haka PHP ke ba da nasa. Sai dai rufe shafi dabam, rufe burauza dabam. Mai gidan intanet ba ya rufe ta tsakanin abokan ciniki, ta waya kusan ba a taɓa rufe ta, Chrome da Firefox kuma, in an kunna musu ci gaba daga inda aka tsaya, suna tayar da waɗannan kukis bayan an sake buɗe su. Wa'adin da aka rubuta da kwanan wata, a ƙarƙashin Expires, ya dogara da agogon na'urar, kuma wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfutar da ɗan batirin cikinta ya mutu ya san takan farka tana zaton shekarun baya take. Max-Age, mai ƙirga daƙiƙa daga lokacin karɓa, ya fi, kuma shi ke rinjaye in an haɗa su. Amma dukansu roƙo ne ake yi wa burauza.

Agogon da za a dogara da shi yana cikin littafi. A gaban kowace lambar zama, uwar garke ta rubuta lokaci biyu: sa'ar da aka shiga, da sa'ar buƙata ta ƙarshe. Aikin farko na mai karɓar buƙata, kafin ya taɓa komai, shi ne duba su. In an yi shiru fiye da iyaka, zaman ya mutu. In jimillar zaman ta wuce iyaka ta biyu, ya mutu ko da ana ta dannawa. OWASP ta ba da minti 15 zuwa 30 na shiru ga shafuka masu ƙaramin haɗari, minti 2 zuwa 5 ga masu babba. A nan nake ɗan saɓa wa masu bin lambobin ido rufe. Hanyar sadarwarmu takan yi nauyi, wuta takan ɗauke, mai cike takarda yakan fita ya kira gida a karanto masa lambar katin shaidar mahaifinsa. In aka kore shi bayan minti biyar, abin da ya rubuta kuma ya zube, an hukunta shi a kan laifin da ba nasa ba. Maganin shi ne a riƙa adana abin da ya rubuta a littafi mataki mataki, yadda in zama ya mutu ya sake shiga zai tarar da aikinsa inda ya bari.

Fita ma rabin aiki ake yi mata. Ƙa'idar ba ta da umarnin goge kuki; abin da ake yi shi ne a sake aika kuki mai suna ɗaya da Max-Age=0, kuma dole Path da Domain su yi daidai da na farko, in ba haka ba burauza ta ɗauke shi wani kuki dabam ta bar tsohon a zaune. To ko an yi shi daidai, yage kati ne kawai, wanda ya riga ya kwafi lambar yana da nasa. Fita ta gaskiya ita ce a share layin daga littafi tukuna, sannan a yage katin. Haka idan mutum ya canza kalmar sirri: duk zaman da ke gaban sunansa, a kowace na'ura, a share shi, sai wanda yake ciki yanzu. Wannan ne abin da matar da aka zare wa waya a trotro ke buƙata, kuma shi ne abin da kuki mai hatimi marar littafi ba ya iya ba ta. Shafukan da ke ɗauke da bayanan mutum kuma a aika su da Cache-Control: no-store, domin kada na gaba a kujera ya danna baya ya karanta abin da burauza ta ajiye.

Akwai wata dabara da littattafai ke bayyanawa kamar sai gwani, alhali a gidan intanet yaro ma zai iya. Shafuka da yawa suna ba mai ziyara lambar zama tun kafin ya shiga, domin su tuna harshen da ya zaɓa ko abin da ya sa a kwando. Mai mugun nufi ya zauna, ya buɗe shafin shiga, ya kwafi lambar da aka ba burauzar, ya tashi ya bar shafin a buɗe. Na gaba ya zo ya sa sunansa da kalmar sirrinsa. Idan mai karɓar buƙata ya ɗauki tsohuwar lambar ya rubuta sunan sabon mutum a gabanta, to na farkon, daga wata kwamfuta, yana cikin asusun. Shi ya kawo katin, aka rubuta masa kuɗin wani. Rigakafin layi ɗaya ne: duk lokacin da matsayin mutum ya canza, musamman a sa'ar shiga, a kashe tsohuwar lamba a ba da sabuwa. A PHP session_regenerate_id ne, tare da gaya masa ya share tsohuwar. Django yana yi da kansa.

Ɗalibi mai kaifi kan ce a ɗaure zama da adireshin IP na mai shiga, ya zama shi ne idon. A Accra wannan yana cutar mai gaskiya ya bar ɓarawo. Kwamfutocin gidan intanet ɗaya duka da adireshi ɗaya suke fita, mai gaskiya kuwa nasa yana canzawa yana tafe, ko ya koma daga layin MTN zuwa na Telecel da data ta ƙare. Abin da ya fi kusa da ido shi ne sake tambaya: kafin a canza lambar waya, ko a tura kuɗi, ko a nuna adireshin gida, a sake neman kalmar sirri. Momo ya riga ya koya wa mutanenmu wannan. Babu mai mamakin a nemi lambar sirrinsa kafin kuɗi su fita.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne, zan bi su da sauri. Ga irin layin da nake son gani a amsar shiga:

Set-Cookie: __Host-zama=…; Path=/; Secure; HttpOnly; SameSite=Lax

Secure yana hana burauza aika kukin ta hanyar da ba a kulle ba. A Oktoba 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, ƙarin manhaja ga Firefox, wanda ya ba kowa damar zama inda Wi-Fi ke buɗe ya tsinci kukin Facebook na maƙwabcinsa ya shiga da sunansa. Tunda Let's Encrypt ta fara ba da takardar shaida kyauta a ƙarshen 2015 kuwa, ba wanda ke da uzurin kuɗi. HttpOnly, wanda Microsoft ta shigo da shi a 2002, yana ɓoye kukin daga JavaScript, amma ba ya ɓoye shi daga mutumin da ke zaune gaban na'urar, kuma wannan bambanci a wurinmu babba ne. Domain rashinsa ya fi: in ba a rubuta shi ba, kukin na gidan da ya ba da shi ne kaɗai, in an rubuta, duk rassan da ke ƙarƙashin sunan suna karɓar sa. A jami'a, inda shafin rajista da shafin da wata ƙungiyar ɗalibai ta gina ta manta ke zaune ƙarƙashin suna ɗaya, ƙarfin na farko ba zai wuce raunin na biyu ba. Farkon sunan nan, __Host-, yana sa burauza ta ƙi kukin in babu Secure, ko an sa Domain, ko Path ba tushen shafi ba ne.

SameSite ya cancanci ɗan tsayawa saboda biyan kuɗi. Asali burauza tana haɗa kuki da buƙata ne bisa inda buƙatar za ta, ba ruwanta da inda ta fito, don haka wani shafi can dabam zai iya sa burauzarka ta aika umarni zuwa gidan da kake ciki, da katinka a manne. Lax yana hana wannan ga buƙatun POST da suka taso daga wani gida, kuma tun 2020 Chrome ke ɗaukar kukin da bai faɗi komai ba a matsayin Lax. Matsalar takan fito idan an tura mai biyan kuɗin makaranta zuwa shafin kamfanin biya, ya amince a wayarsa, kamfanin ya mayar da shi da POST: kukin bai biyo ba, shafin ya ce bai san shi ba, kuɗi kuwa sun fita. Abin da na fi gani shi ne mai manhaja ya fusata ya sa SameSite=None, ya buɗe ƙofar da aka rufe masa. Abin da ya fi shi ne a karɓi dawowar ba tare da neman zama ba, a juya mutumin da GET zuwa shafin sakamako, a kuma tabbatar da biyan tsakanin uwar garke da uwar garke, da lambar cinikin da ke littafi.

Allunan nan masu neman ka amince da kuki sun samo asali daga dokar Tarayyar Turai ta 2002 da aka yi wa gyara a 2009, kuma ita kanta ta keɓe kukin da aikin da mutum ya nema ba ya yiwuwa sai da shi. Matasanmu kan kwafo allon su manna, da Turanci, a shafin da ba ya bin sawun kowa, su ɗauka sun sauke nauyi. Nauyin da ke kansu a nan na Dokar Kare Bayanai ta 2012 ne, mai lamba 843, wadda ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan da suka dace don hana wanda ba shi da izini kaiwa gare su. Ni ba lauya ba ne, amma a karatuna shafin da ya bar hoton yarinya da adireshin gidansu a buɗe wata guda a kan kwamfutar haya bai ɗauki matakin da ya dace ba, ko da allonsa ya fi na kowa kyau.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gajeren zama yana nufin yawan rubuta kalmar sirri, a zango kuwa yawan rubuta ta yana nufin dattijo ya miƙa ta ga yaron gidan intanet ya rubuta masa, ko a rubuta ta a bayan kalandar ɗaki. Mai shagon da ke duba odar kayansa sau ashirin a yini a wayarsa, in ana korar sa kowane minti ashirin, zai bar manhajar ya koma WhatsApp. Uwar garke ba ta iya bambance na'urar aro da ta mai ita, amma mutumin ya sani, don haka a tambaye shi. Akwatin nan na "tuna da ni" tambayar ce, sai dai an yi ta a karkace, domin ba ya gaya wa mutum abin da zai biyo baya, wasu shafuka ma a cike suke zuwa da shi. Gara shafin shiga ya yi tambayar a fili, da harshen da mai shiga ya zaɓa, Hausa ko Twi ko Turanci: wannan na'ura taka ce kai kaɗai, ko ana aron ta? Amsar da ke zaɓe tun farko ta zama ta aro. Wanda ya bar ta haka ya sami kuki marar wa'adi, minti 20 na shiru, sa'a 2 gaba ɗaya, da maɓallin fita babba, mai rubutu, a saman kowane shafi da kuma kusa da maɓallin buga takarda, tunda daga nan ake tashi. Wanda ya ce tasa ce ya sami kwana 30, amma da kuki na biyu, dabam da na zama, wanda ake canza ƙimarsa duk lokacin da aka yi amfani da shi, kuma ba ya buɗe lambar waya ko kuɗi sai an sake neman kalmar sirri. A littafi ba a ajiye shi kansa, sai sawunsa da aka fitar ta lissafin da ba ya juyuwa, domin in an sace littafin kada a sami katuna a ciki.

Sannan a ware shafi ɗaya da ke nuna wa mutum dukkan na'urorin da ke ɗauke da katinsa, da maɓallin kora a gaban kowace. Manyan shafuka kan jera su da sunan burauza da lambar sigarta, abin da Hajiya mai susu ba za ta gane ba. A rubuta mata waya ce ko kwamfuta, wace rana aka shiga, da ƙarfe nawa. Ita ta san inda take ranar Talata da hantsi.